Ƙarin da ke cin gani a ɓoye, da tiyatar da ake yi masa ta hanci

A gindin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, likitoci na kiranta fituwitari. Ita ke sakin sinadaran homon da ke ba wasu sassan jiki umarni kan girma, haila, nono, sha'awa da jure wahala. Ƙari kan fito mata, kuma mafi yawansa ba ciwon daji ba ne. Wani ƙarin yana fitar da homon fiye da kima, sai jiki ya tona asirinsa da wuri. Wani kuwa ba ya fitar da komai, sai dai ya yi ta girma shiru, sau da yawa har ya wuce santimita 1 kafin a farga.

Inda matsalar take shi ne, a saman wannan tsoka jijiyoyin gani na idanu biyu suke gittawa. Ƙarin ya tasa, sai ya danne su, ganin gefe ya fara tafiya. Mutum yana karatu lafiya lau, amma yana bangazar ƙyauren ƙofa, ko babur ya ɓullo masa ta gefe bai gan shi ba. Wani ya yi ta sauya tabarau, alhali idon lafiyarsa ƙalau. Ciwon kai, kasala, ɗaukewar haila ko mutuwar sha'awa na iya biyo baya, domin ƙarin yana matse lafiyayyar tsokar.

Kafin a yi maganar wuƙa, sai an ɗauki hoton MRI, an auna faɗin gani, an gwada jini. Gwajin sinadarin furolaktin ba abin tsallakewa ba ne, saboda ƙarin da ke fitar da shi yakan motse da ƙwayar kabagolin kawai. Wanda ba ya fitar da homon kuwa ba shi da maganin sha da za a dogara da shi. In ƙarami ne, aka ci karo da shi a hoto, bai taɓa komai ba, sa ido ake yi. In ya kai ga jijiyar gani, tiyata ce.

Yawanci ba a fasa ƙoƙon kai. Ta hanci ake shiga, a ratsa kogon ƙashin da ke bayansa, a iske ƙarin ta ƙasa. Hermann Schloffer ne ya fara bin wannan hanya a 1907 a Innsbruck ta Ostiriya. Harvey Cushing na Amurka ya yi aiki da ita, daga baya ya bar ta, har Jules Hardy na Montreal ya farfaɗo da ita da madubin tiyata a shekarun 1960. Yau siririn bututu mai kyamara ake zurawa.

A ganina, abin da ya kamata iyalan majinyaci su gane shi ne, babban burin aikin ceto gani ne, ba kwashe ƙarin kakaf ko ta halin ƙaƙa ba. A gefe da gefen wurin akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. In ƙarin ya nannaɗe su, likita mai hankali zai bar guntu, a ci gaba da bibiya da hoto, in ya sake motsi a gasa shi da haske ko a koma tiyata. Gani yakan inganta ga akasarin waɗanda aka yi wa aikin, amma jijiyar da ta daɗe a danne har ta bushe ba ta dawowa.

Bayan aikin, wasu kan yi ta fitsari da ƙishirwa na 'yan kwanaki, kuma akwai maganinsa. Gishirin jini kan iya faɗuwa wajen mako guda bayan tiyata, shi ya sa ake sake gwaji. Ruwa garai-garai da ke ɗiga ta hanci na iya zama ruwan ƙwaƙwalwa, a koma asibiti nan take, kafin sanƙarau ya samu ƙofa. Akan hana fyace majina da ɗaukar kaya mai nauyi na wasu makonni, don haka a tambayi likita batun shaƙa ruwa a alwala da sujada. Wanda aka ɗora wa ƙwayar haidirokotison kada ya yanke ta da kansa, ko da ya ji garau, domin jininsa na iya sauka ya suma.