DUMA KO LALLE: WANNE ZA KA SA A BAYAN GIDA?

Kusan kowane gida a ƙasar Mashi yana da ɗan fili a bayansa ko a gefen danga, wanda ya yi wa gero kaɗan, amma shi ne ya fi ko'ina taki saboda toka da shara da kashin awaki da ake zubawa. Abubuwa biyu da suka dace da irin wannan wuri su ne duma da lalle. Sun daɗe da sanin juna, domin zungurun da mata ke zura hannu a ciki idan sun ƙunsa lalle, ai ɗan duma ne. Amma wajen noma halinsu ya sha bamban ƙwarai, kuma wanda ya sa ɗaya a wurin ɗaya, wahalarsa kawai zai yi.

FILIN NA WANE NE?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Duma na damina ɗaya ne. Ka shuka da ruwan farko, ka cire da kaka, filin ya koma yadda yake. Lalle kuwa ɗan itace ne. Idan ya kama yakan wuce shekara 10 ana yankarsa, kuma a shekarar farko ganyen da zai ba ka kaɗan ne. Saboda haka idan filin na aro ne, ko na haya, ko jingina, ko gado ne da ba a raba ba tukuna, to, ka tsaya a kan duma. Dasa itace a filin wani yakan jawo magana, har ta kai gaban mai unguwa ko dagaci. In kuwa naka ne, kuma kana son shingen da ba sai ka sabunta shi da kara kowace shekara ba, lalle ya fi.

RUWA DA ƘASA

Daminarmu gajera ce. Ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ba ta da alkawari. Ƙasar kuma jigawa ce, ba ta riƙe ruwa.

Duma mai shan ruwa ne da cin taki. Dubi faɗin ganyensa da rana tsaka, yadda yake yaushi. Yana bukatar kamar wata 4 kafin ɓawonsa ya yi ƙwari, manyan iri kuwa irin na masaki har fiye da haka. Ka ga ke nan damina da ƙyar take isarsa. Lalle ba haka yake ba. Da zarar saiwarsa ta nutsa yana jure rani, sai dai ya zubar da ganye ya jira ruwa. Zafin bazara ba ya damunsa, ganyen da ya sha zafi ma ya fi kamu. Abin da ba ya so shi ne inuwa da wurin da ruwa ke kwanciya.

A ƙasashen Indiya da Sin da Koriya akwai wata fulawa da ake kira balsam, wadda mata ke rina farce da ita kamar lalle, tana kuma da 'yar'uwa da ke fitowa a bakin rafuka masu inuwa a Amurka. Sinadarin da ke sa ja a jikinsu irin na lalle ne. To, amma karansu ruwa ne zalla, inuwa da danshi suke so. Ko ka samo irin, ba za ta ga ƙarshen bazarar Mashi ba.

YADDA AKE NOMAN DUMA

Kada ka jira sai ka gama shukar gero da noman firi sannan ka tuna da duma. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Duman da aka shuka a ƙarshen Yuli zai yi yaɗo, ya yi 'ya'ya, ka ɗauka an dace, amma ruwa zai ɗauke kafin su ƙosa. Ƙwaryar sai ta fito shafal, ba kauri, ta motse wajen bushewa ko ta tsage tun a hannun mai fafewa.

Tun da bazara ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika shi da ruɓaɓɓen taki gauraye da ƙasar sama. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. Ka bar mita 2, wato kamar taku 3, tsakanin rami da rami. Da ruwa ya zauna sai ka sa ƙwaya 3 ko 4 a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa. In ka jiƙa irin ya kwana ɗaya zai fi saurin tsirowa. Bayan mako 2 ka cire raunana ka bar ɗaya ko biyu. Mai rijiya a gida, ko wanda ramin nasa ke kusa da inda ruwan alwala ke gangarawa, yana iya shukawa mako 2 ko 3 kafin ruwa ya sauka. Wannan ratar ita ce takan raba ƙwarya mai kauri da marar kauri.

Sai maganar inda zai bi. Ludayi da zunguru da shantu, a ɗora su kan rumfa ko danga mai ƙarfi, domin idan ɗan yana reto nauyinsa ne ke miƙar da wuyan. Ƙwarya da masaki a bar su a ƙasa. Tun ɗan yana ƙarami a zaunar da shi a kan gindinsa, a shimfiɗa masa bunu ko busasshiyar ciyawa. In ya kwanta a gefe ɗaya, gefen nan zai baje, kuma ƙwarya mai karkata ba ta da daraja a kasuwa. A riƙa leƙa ƙarƙashin saboda gara. Masu ɗora duma kan jinkar ɗaki su sani yana riƙe danshi, yana ruɓar da ciyawa.

Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa, ya rufe da safe. Iri biyu ne a jikin tushe guda. Namijin yana da dogon tsinke, shi ne ke fara fitowa, kuma ba ya haihuwa, don haka kada ka damu in ka ga furannin farko suna zubewa. Macen ita ce mai ɗan ƙululu a ƙarƙashinta. Ƙwarin dare irin su faɗa-wuta ne ke kai garin namiji ga mace. Idan ka yi feshin magani da yamma lokacin da fure ke buɗe, ka kashe ma'aikatanka. In ka ga 'ya'ya ba sa kamawa, tsinki furen namiji bayan magariba, ka cire fararen ganyayyakinsa, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. Yara ma suna iya yi. Haka kuma furen mace ya fi yawa a rassan gefe, saboda haka idan uwar yaɗon ta kai kamar taku 3, ka tsinke kanta don ta yi rassa. Mai son manyan ƙore ya bar 'ya'ya 2 ko 3 kawai a tushe.

Babban abokin gaba shi ne wani ƙaramin ƙuda mai huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai, tsutsa ta ci cikin, ɗan ya ruɓe. Duk wanda ka ga an huda, cire shi ka binne a rami mai zurfi. In ka jefar a gefe, ka yi kiwon ƙudan ne. Kafin ka sayi kowane magani ka nemi malamin gona na KTARDA da ke kula da yankinku ya duba.

Ba a cire duma sai tsinken da ke riƙe da shi ya bushe, farce kuma ba ya shiga ɓawon. Bayan an fafe a kwashe totuwar, a jiƙa ƙwaryar a ruwa 'yan kwanaki, a kankare, a shanya. A kula: ɗacin duma dafi ne. Kada a bar totuwa ko ruwan jiƙon inda yara ko dabbobi za su kai gare su, kada kuma a sa abinci a sabuwar ƙwarya sai ɗacin ya fita sarai.

LALLE

Aikinsa a farko yake. Hanya mafi sauƙi ita ce ta reshe. A cikin marka ka yanko rassa masu kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, daga lallen da mata suka shaida yana kamu. Ka cusa rabin kowanne a ƙasa, kamu ɗaya tsakani. Ana kuma shuka ƙwayarsa, amma tana da tauri. Sai an jiƙa ta kwanaki ana canja ruwa, a rene ta a fangali, sannan a yi dashe. Ranin farko shi ne gwajin. A ba shi ruwa ko da sau ɗaya a mako, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Daga shekara ta biyu ana iya yanka sau 2 a shekara, mai ban ruwa kuwa fiye da haka. Ka yanke rassan ka bar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa. In shinge kake so, sai ka bar shi ya kai ƙugu. Lallen da ba a yanka yakan zama dogo, ya yi ƙaya, ganyen ya ragu. A shanya rassan a inuwa, ba a rana ba, a kan tabarma, ba a kan yashi ba. Ganyen da ya bushe yana kore shar shi mai saye ke nema. Kada a yi wa lalle feshin maganin ƙwari dab da yanka, tun da a fatar mutum zai ƙare. Jarirai kuma ba a sa musu lalle, domin akwai waɗanda yake lalata wa jini.

IN ZA A HAƊA SU

Mai wadatar fili yana iya yin duka biyun, lalle a kan iyaka, duma a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: kada duma ya hau lalle. Cikin 'yan makonni zai lulluɓe shi, kuma lallen da bai ga rana ba ganyensa ba ya kamu. Ka sa ramin duma aƙalla taku 4 daga shingen, ka riƙa juya kan yaɗon kowane mako.

KASUWA DA IRI

Gaskiya roba da kwanon silba sun ci rabin kasuwar ƙwarya. Duk da haka masu fura da nono ba su rabu da ƙwarya da ludayi ba, ana saye don jeren amarya da kiɗan ƙwarya, masunta kuma suna neman manyan goruna. Matsalarta girma da fashewa wajen ɗauka zuwa kasuwar Mashi ko Mai'adua, kuma kowa da kaka yake kawo tasa. Busasshen lalle ba shi da nauyi. In an ɗaure shi a buhu a wuri marar danshi zai jira lokacin bukukuwan aure da Sallah. Kada a dake shi sai an sami mai saye, domin gari ya fi ganye saurin rasa ƙarfi.

Irin duma kuwa, a cire shi daga ɗan da ya fi kyau da kauri, a shanya a inuwa, a ajiye da toka a cikin gora. Amma ka sani duk dangin duma suna barbarar juna. Idan ludayi da ƙwarya sun yi fure kusa da juna, 'ya'yan bana za su fito daidai, amma irin da ka ajiye zai iya ba ka wani abu baɗi wanda ba ƙwarya ba, ba ludayi ba. Wanda zai ajiye iri ya shuka iri ɗaya tak a bayan gida, ya kai ɗayan gona mai nisa, ya kuma leƙa abin da maƙwabcinsa ya ɗora a kan danga.