Yadda ake haɗa jelin furen elda a gidajen Turai, da hatsarin da ake kiyayewa

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, shingayen gonaki da bakin dazuzzuka a Ingila da Jamus da Austiriya kan cika da fararen furannin wata itaciya da Turawan Ingila ke kira elda, Jamusawa kuma Holunder. Sunanta a kimiyyance Sambucus nigra.

Furen ba ya wuce 'yan makonni, don haka iyalai kan yi hanzarin tsinko shi su mayar da shi jeli, wato ruwan zaƙi mai kauri da ake shafa wa burodi. Ƙamshinsa ya yi suna, har da shi aka ɗanɗana kek ɗin bikin auren Yarima Harry da Meghan Markle ranar 19 ga Mayu, 2018.

Ana tsinkar furen ne a ranar da ba a yi ruwa ba, nesa da manyan tituna. Ba a wanke shi, domin rawayan garin da ke jikinsa na ɗauke da ƙamshi. Girgiza shi kawai ake yi ƙwari su zube. Sai a yanke kaurin sandunan a yar.

Daga nan a jiƙa kimanin kai 20 na furen a cikin lita ɗaya ta ruwa ko ruwan tuffa, tare da yankakken lemun tsami, a rufe a ajiye wuri mai sanyi na awa 24, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta.

Furen ba shi da sinadarin fektin, wanda ke sa jeli ya kama. Shi ya sa a Jamus ake sayar da sukari na musamman da aka gauraya da fektin, kuma ma'auninsa na rubuce a jikin ledar. Ana zuba shi a ruwan, a tafasa sosai na kusan minti huɗu ana juyawa. Idan an ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi ya tsaya bai gudu ba, to ya yi. Sai a ɗura shi da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, a rufe gam.

Sai dai itaciyar na da nata sharrin. Ganyenta da sandunanta da ɗanyun 'ya'yanta na ƙunshe da sinadarin da ke iya sakin gubar sayanaid a cikin jiki, abin da kan jawo tashin zuciya da amai da gudawa. A watan Agustan 1983, an kwashi mutum takwas a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Monterey da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan sun sha ruwan ɗanyun 'ya'yan elda da aka matse haɗe da ganye da rassa.

Haka kuma akwai tsirrai masu guba da fararen furanninsu ke kama da na elda, ciki har da 'yar uwarta Sambucus ebulus, wadda ciyawa ce, ba ta da itace. Saboda haka wanda bai gwanance ba kan fita tsinka tare da wanda ya san itaciyar, ya duba ɓawonta da ganyenta kafin ya kai hannu.