Filash Ɗan Aike Ne, Ba Rumbu Ba

A shekarar 1998, ma'aikatan kamfanin Pixar da ke ƙasar Amurka suna tsakiyar haɗa fim ɗin zane mai suna Toy Story 2, sai wani daga cikinsu ya bai wa kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure. Kafin a ankara a kashe na'urar, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya salwanta. Da farko hankalin kowa bai tashi ba, domin kamfanin yana da tsarin ajiye kwafin ayyukansa. Amma da aka ɗauko kwafin, sai aka tarar tsarin ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, saboda haka tana yin aiki daga gida, kuma akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka je aka naɗe kwamfutar da barguna, aka sa a mota, aka kawo ta ofis ana lallaɓawa kamar ƙwai.

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan har kamfani mai tarin ƙwararru zai shiga wannan hali, ina ga malamin makaranta da ya tara sakamakon jarrabawar aji shida a cikin filash guda, ko ɗalibar da ta zuba hotunan takardun shaidarta na WAEC da NECO a cikin wanda ke rataye da makullan gida?

Ita dai wannan 'yar na'ura ba ta daɗe a duniya ba. Irin ƙwaƙwalwar ajiyar da ke cikinta wani injiniya ɗan ƙasar Jafan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba, ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan a 1987 ya fito da nau'in da ake kira NAND, wanda shi ne ke cikin filash da katin waya a yau. Kafar USB kuwa, wadda ake soka shi a ciki, a 1996 ta bayyana. Sai a shekarar 2000 aka fara sayar da filash a kasuwa: kamfanin Trek na Singafo ya fito da ThumbDrive, IBM kuma ya sayar da DiskOnKey mai cin megabayit 8. A wancan lokaci wannan abin mamaki ne, domin faifan fulofi da ake yayi megabayit 1.44 kacal yake ɗauka.

To, yaya filash ke riƙe bayani alhali ba batir a cikinsa? A jikin ɗan guntun silikon da ke ciki akwai biliyoyin ƙananan ɗakuna, kowane an kewaye shi da wata siririyar katanga da wutar lantarki ba ta ratsawa cikin sauƙi. Idan za a yi rubutu, sai a yi amfani da ƙarfin lantarki a tura ƙwayoyin ilektaron su keta katangar su maƙale a ɗakin. Idan za a karanta, sai a auna ko akwai su ko babu. Mu ɗauki misalin tulu: in cike yake a ce sifiri, in babu ruwa a ce ɗaya. Da irin waɗannan sifiri da ɗaya ake gina kowace wasiƙa da hoto da murya.

Matsalar ita ce tulun yana naso. A hankali ilektaron na sulalewa ta jikin katangar, kuma zafi yana ƙara musu sauri. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka goge aka sake rubutu, katangar tana ɗan ƙara lalacewa. Nau'in farko, mai riƙe alama ɗaya a kowane ɗaki, yakan jure gogewa da rubutu har kimanin sau 100,000. Amma don a sami yawa a farashi mai sauƙi, masana'antu sun koma cusa alama uku ko huɗu a ɗaki guda. Wato maimakon a tambayi ko tulu cike yake ko wayam, sai a tsaga masa ma'auni takwas ko goma sha shida, ana karanta inda ruwan ya tsaya. A nan ɗan naso kaɗan ya isa ya sa a karanta ba daidai ba, juriyar kuma takan sauko zuwa 'yan dubbai ko ƙasa da haka. Saboda haka filash da aka manta a cikin mota a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa, ana rage masa kwana ne. Wanda kuma aka jefa a akwati shekara da shekaru, ba mamaki a ɗauko shi a tarar wasu fayiloli sun ƙi buɗuwa, ko da yake ba wanda ya taɓa shi.

Wannan duk game da filash na gaskiya ke nan. Babbar masifa tana wurin na jabu. A cikin kowane filash akwai wani ɗan guntu mai kula da shige da fice, shi ne kuma ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. 'Yan damfara sukan ɗauki mai cin gigabayit 8, su sauya wa wannan guntu karatu, ya riƙa cewa 128 yake ci, ko ma fiye. Kwamfuta ba ta musu. Abin da aka gaya mata shi take nunawa. Mai saye zai yi ta zuba kaya lafiya lau har ya cika gigabayit 8 na ainihi. Daga nan duk abin da ya ƙara, ko dai ya hau kan na farko ya shafe shi, ko ya bi iska. Abin takaicin shi ne sunayen fayilolin suna nan reras a jere, sai ranar da aka buƙace su a tarar fanko ne. Araha dai ba ta ado: duk filash da aka ce yana cin abin mamaki a kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, to a yi hattara da shi.

Kyan kwali da sunan kamfani ba hujja ba ne, domin su ma ana buga na jabu. Hujja ɗaya ita ce gwaji. Akwai manhajoji na kyauta, irin su H2testw da wata mujallar kwamfuta ta ƙasar Jamus ta samar, da kuma F3, waɗanda ke cika filash da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan su karanto su gani ko abin da aka zuba ya dawo daidai. Gwajin kan ɗauki lokaci, wani zubin sa'o'i, don haka ya kamata a yi sharaɗi da mai shago cewa za a dawo da kaya in sun faɗi, a kuma karɓi rasit. Sai dai kada a zargi ɗan kasuwa a kan abin da ba laifinsa ba. Filash mai gigabayit 64 yakan nuna kimanin 58 ko 59 a kwamfuta, saboda masana'anta na lissafa gigabayit a kan bayit 1,000,000,000, ita kuwa manhajar Windows tana lissafa shi a kan 1,073,741,824. Wanda ke yawan kwasar bidiyo ya nemi USB 3.0, wanda ya fito a 2008, galibi ana gane shi da shuɗin harshe a bakinsa.

Bayan saye sai riƙo. Zare filash ana cikin rubutu a kansa yana iya hargitsa jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, shi ya sa ake son a umarci kwamfuta ta sallame shi tukuna. Haka nan shagunan buga takardu, inda filash ɗari kan ratsa kwamfuta ɗaya a yini, nan ne matattarar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai. Dabara ita ce a ware ƙaramin filash na zuwa shago, wanda ba komai a cikinsa sai takardar da za a buga. Wanda aka tsinta a hanya kuwa, a bar shi inda aka gan shi. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an watsar da filash 297 a harabar Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, kusan rabinsu sai da masu tsintuwa suka soka a kwamfuta suka buɗe abin da ke ciki.

Game da ajiya mai ɗorewa, akwai ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata, ana kiranta 3-2-1. Wato kowane abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban-daban, ɗaya kuma a wani wuri na dabam. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Littattafan malaman ƙarni na 19 da suka iso hannunmu, da yawansu sun tsira ne saboda almajirai sun kwafe su da hannu sun tafi da su garuruwansu, ta yadda in gara ko gobara ta ci na Sakkwato, akwai na Zariya ko Katsina. Ga malamin sakandare, lissafin mai sauƙi ne: na farko a kwamfutarsa, na biyu a filash ko babban faifan ajiya na waje, na uku a ma'ajiyar intanet. Kamfanin Google na ba da gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi takardun shekaru masu yawa in ba a cika shi da bidiyo ba. Filash biyu a jaka ɗaya ba su cika wannan sharaɗi ba, domin ɓarawon da ya fizge jakar ya tafi da duka.

Idan bayanan na wasu mutane ne, kamar sakamakon ɗalibai, wajibi ne a kulle su da kalmar sirri. A watan Yunin 2022, wani ma'aikaci a birnin Amagasaki na Jafan ya ɓatar da jakarsa bayan ya sha giya ya yi barci a titi, a cikinta akwai filash ɗauke da bayanan mazauna birnin kimanin 460,000. An gano jakar daga baya, abin da kuma ya rage fargaba shi ne bayanan a kulle suke.

Saura abin da ya kusa kayar da Pixar, wato ajiyar da ba a dubawa. A ƙarshen kowane zangon karatu, malami ya ɗauko filash ɗin ajiya, ya buɗe fayiloli biyar ko goma daga wurare daban-daban, tsofaffi da sababbi, ya tabbatar suna karantuwa. Idan ɗaya ya ƙi buɗuwa, ko kwafi ya fara jan lokaci fiye da yadda aka saba, sai a kwashe komai zuwa sabo a ranar, tsohon kuma a mayar da shi na zuwa shagon buga takardu.