Tsaunin Mambila Da Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Namun Daji Da Lokutan Zuwan Baƙi

Allah Ya albarkaci Jihar Taraba da tsaunin da ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, da kuma gandun daji na ƙasa wanda ya fi kowane girma. Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da hakimai, da dagatai, da arɗo-arɗo, da ma'aikatan ƙananan hukumomin Sardauna da Gashaka, su san irin dukiyar da ke hannunsu, da lokutan da baƙi suke zuwa ganinta, da kuma abin da yake wuyan kowa a kowane lokaci na shekara.

Inda wuraren suke

Tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedkwata a Gembu, kuma tudunsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Wannan ne ya sa ake samun sanyi a can ko da a watannin da zafi yake gallabar Jalingo. Matafiyi yakan bi ta Bali da Serti, ya fara hawa daga Mayo Selbe, sannan ya ratsa Maisamari da Nguroje kafin ya isa Gembu.

A gefen tsaunin ne Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake. An kafa shi a shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, bayan an haɗe tsofaffin gandaye biyu, wato Gashaka da Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kuma shiga har cikin Jihar Adamawa. Hedkwatarsa tana Serti, kuma Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ce take riƙe da shi. Tun shekarar 2017 tana gudanar da shi tare da gidauniyar ANI. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Akwai kuma kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe a shekarar 1969, shi kuwa yana ƙarƙashin gwamnatin jiha.

Namun dajin da ake samu

Wanda ya fi jawo baƙi daga nesa shi ne biri mai ganga. An ba shi wannan suna ne saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa, a ji amonsu daga nesa kamar ana kiɗa. Irin wanda muke da shi ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, kuma Gashaka na daga cikin manyan mafakarsa da suka rage. Masanan da suka fara nazarinsa a Kwano tun shekarar 2000 sun ga yadda yake gyara tsinke ya zaƙulo zuma da tururuwa. Macensa takan ɗauki shekara biyar ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa, don haka kashe guda ɗaya asara ce da ba a saurin mayarwa.

Ban da shi, akwai biri mai roro, da gogo, da kirka. A filayen ciyawa ana ganin ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu. Damisa da ɗan kunya suna nan, sai dai ba kasafai ake ganinsu ba. Dorina da kada suna cikin Mayo Kam, tare da giwan ruwa da tsage. An kuma ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 500 a gandun. Amma giwa da zaki, waɗanda dattawanmu suka sani a wannan daji, an daɗe rabon da a gan su. Wannan ya isa ya zama ishara gare mu.

Lokacin rani

Daga Disamba zuwa Maris ne baƙi suka fi zuwa. Rafuka sun janye, hanyoyi sun bushe, ciyawa ta yi ƙasa, dabbobi kuma suna taruwa a bakin ruwa inda ake saurin ganinsu. A wannan lokaci ne ake hawan Chappal Waddi, tafiya ce ta kwanaki a ƙafa wadda ba a yinta sai da izinin hukumar gandu da ɗan jagora. A lokacin ne kuma ake zuwa kallon dorina, da kallon tsuntsayen da suke yin ƙaura daga Turai, da ziyartar kangon sansanin Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka. Kowane ayarin baƙi yana bukatar masauki, da abinci, da 'yan dako, da masu babur, da wanda ya san hanya. Kuɗin nan kuwa a hannun mutanen ƙauyukanmu yake faɗawa.

Sai dai rani shi ne lokacin wuta. Makiyayi yakan ƙona tsohuwar ciyawa domin sabuwa ta tsiro, mafarauci kuma yakan cinna wuta domin ya koro nama. Wutar farkon rani, sa'ad da ciyawa take da sauran danshi, ba ta cika yin ɓarna ba. Ta watan Fabrairu da Maris kuwa, idan iska ta kama ta, takan ci bakin kurmi, ta kashe ƙananan itatuwa, kurmin ya riƙa ja da baya shekara bayan shekara. A Ngel Nyaki, inda aka killace wasu wurare aka kare su daga wuta da shanu, itatuwa sun fara dawowa da kansu.

Lokacin damina

Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa yakan yi yawa, rafuka su cika, wasu hanyoyin gandu su yanke. Ba lokacin hawan dutse ba ne, kuma muna gargaɗin kada a tsallaka rafi da baƙo bayan an yi ruwa. Duk da haka, a damina ne Mambila take yin kore shar, hazo ya lulluɓe tuddai, masu ziyara su kewaya gonakin shayi na Kakara da rugagen Fulani. Lokaci ne kuma na dashen itatuwa a bakin rafuka.

Kurmin da yake riƙe wannan ruwa shi ne yake sakinsa sannu a hankali da rani zuwa kogin Taraba da kogin Donga, waɗanda suke malala cikin Binuwai. Saboda haka mai noman rani da masunci a can ƙasa su ma suna da rabo a kurmin da yake kan dutse. Mun ga yadda saran madobiya, wadda aka fi sani da madrid, ya bar wurare da dama fayau a jihar nan.

Abin da muke roƙo

Dokar gandayen daji ta ƙasa ta shekarar 1999 ta haramta farauta, da kafa tarko, da saran itace, da cinna wuta, da haƙar ma'adinai a cikin gandu ba da izini ba. Kiwo ma an yarda da shi ne kawai a wuraren da aka keɓe wa mazauna ciki.

Muna roƙon hakimai da dagatai da arɗo-arɗo su zauna da jama'arsu kafin ƙarshen Nuwamba a tsayar da lokacin ƙona ciyawa, a kuma share layin tare wuta a kewayen kurmi da gonaki. Jami'an ƙananan hukumomi su sa ido kan masu sayar da naman biri da ɓawon ɗan kunya a kasuwanni. Wanda dabba ta yi wa ɓarna a gona ya kai ƙara wurin ma'aikatan gandu, kada ya sa guba. Baƙi kuma a karɓe su hannu bibbiyu, a nuna musu ofishin gandu da ke Serti domin su karɓi izini.

Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada. Wannan daji rumbunmu ne, mu da 'ya'yanmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.