Mako Na Biyu Bayan Ƙarin Ruwan Kemo

"Sista, ba zubewar gashi ke damuna ba. Ranar da ban je aiki ba, babu kuɗin cefane." Haka wata baiwar Allah mai ɗaure kaya a wani kamfanin leda a Sharaɗa ta faɗa min. Tana fama da sankarar mahaifa da ta yi nisa.

Masu irin wannan ciwo galibi ana ƙara musu carboplatin da paclitaxel duk bayan mako 3, har sau 6. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙari, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta kan yi ƙasa sosai. A daidai lokacin ne kuma amai ke lafawa, sai mace ta ga ta samu sauƙi, ta koma cikin cunkoson ma'aikata a Bompai ko Challawa.

Idan zafin jikinta ya kai 38, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Farasitamol ɓoye zazzaɓin kawai zai yi.

'Yan uwa, ku ɗauke mata cefanen wannan makon, ko ku ba ta kwasar adashi, domin ta zauna gida ta huta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.