Abin Da Ya Sa Bindigar Bature Ta Fi Adaka Nisa

Jama'a, tun zamanin kakanni maharban ƙasar Shanono da Bagwai da Gwarzo suna riƙe da bindigar nan da ake kira adaka, wadda maƙeranmu ke ƙerawa, ana ɗura mata albarushi da dalma ta baka. Da ita ake korar biri daga gona, da ita ake buga wa sarakuna ranar Salla. Amma kowane maharbi ya sani in abu ya wuce yadi 100, da wuya adaka ta same shi, alhali kuwa bindigar soja tana samun abin da ke nesa ninki uku ko fiye. Mutane da yawa suna tsammani ƙarfin albarushi kaɗai ya kawo haka. To, akwai wata hikima a cikin bututun, ita muke so mu bayyana wa masu karatu yau.

Cikin bututun adaka sumul yake. Na bindigar masana'anta kuwa an yi masa tsaga-tsaga masu murɗewa tun daga gindi har baki. In harsashi ya bi ta ciki, sai tsagogin nan su kama shi, ya fita yana juyawa. Ku dubi mazarin mai kaɗi, ko katantanwar yara: muddin suna juyawa suna tsaye, da sun daina sai su faɗi. Haka harsashi yake. Juyin nan shi ke hana shi tuntsurawa cikin iska, ya tafi da tsininsa gaba.

Masana suna auna murɗin da inci, watau inci nawa harsashi zai ci cikin bututu kafin ya yi juyi guda. Bindigar Lee-Enfield, wadda sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama, juyi guda take yi cikin inci 10. Da yake harsashinta yana fita da gudun ƙafa 2,440 a daƙiƙa, ashe ke nan yana juyawa kusan sau 3,000 a daƙiƙa guda. AK-47 ta Rasha tana yin juyi guda cikin milimita 240, watau inci tara da rabi ba kaɗan.

A shekarar 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Greenhill, wanda ke koyar da hafsoshin igwa a Woolwich, ya fito da ƙa'ida mai sauƙi. A ninka kaurin harsashi da kansa, a ninka da 150, sa'an nan a raba da tsawonsa. Malaman makaranta suna iya gwada wannan a allo. In kauri inci 0.3 ne, tsawo 1.2, amsa ta zama 11.25. In aka ƙara tsawon ya kai 1.5, sai ta koma 9. Watau dogon harsashi murɗi mai tsanani yake bukata, shi ne kuwa ya fi ratsa iska ya je nesa. Amurkawa sun ga haka da bindigarsu M16. Da inci 14 aka fara ta, a 1963 aka mai da ita 12 don harsashinta yana karkacewa cikin tsananin sanyi, daga baya da aka kawo harsashi mai tsawo aka mai da ita 7.

Wannan magana ba ta masu ilmi kaɗai ba ce. A 1903, sa'ad da Kanar Morland ya ci Kano, jaruntaka ba ta yi wa mutanenmu ƙaranci ba. Makaman da suka fuskanta ne ke isa gare su tun kibiya da adaka ba su kai ba. A 2025 kuma 'yan fashin daji daga wajen iyakar Katsina sun auka wa waɗansu ƙauyukan Shanono, sun kora dabbobi, sun kama mutane, har aka tura sojoji. Manomin da ya fito musu da adaka, kafin ya kusanci inda tasa za ta yi aiki, tuni yana cikin inda tasu ke samu.

Saboda haka muna jan hankalin samari, kada zafin zuciya ya sa su tari abin da ya fi ƙarfinsu. Dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar soja, adaka ma sai da lasin. Aikin da ke kanmu shi ne gaggauta kai labari ga mai unguwa da dagaci da hakimi, su kuma su isar ga hukuma, aikin hukuma kuwa ta zo kan kari. Muna roƙon malamai da akawuna, waɗanda jama'a ke jin maganarsu, su karanta wa na ƙauye wannan bayani. Rigakafi ya fi magani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.