Kiɗa da Kalma a Sujadar Hausawa Kirista na Kudancin Katsina

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai ƙananan majami'u na Hausawa Kirista, waɗanda galibinsu jikokin Maguzawa ne, kuma waƙar sujadarsu ta samo asali daga wurare biyu. Na farko shi ne Littafin Waƙoƙi, wanda 'yan mishan suka fassaro yawancin baitocinsa daga Turanci suka bar su a kan karinsu na Turai, sannan ikilisiyoyi irin su ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM a 1954, suka gaje shi. Na biyu kuwa waƙoƙin Zumuntar Mata ne, wato ƙungiyar matan ikilisiya, inda jagora ke bayarwa sauran na amshi, ana buga tulu da ganga, ana kaɗa caki.

Waƙoƙin littafi sun fifita kalma, domin koyarwar addini ce aka tsara baiti-baiti, amma a nan ne kalmar ta fi shan wahala. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana, kamar yadda wuya na jiki ya bambanta da wuya ta wahala, saboda haka idan baƙon kari ya ɗaga murya inda harshe ya saukar, sai mai sauraro ya dogara da sauran jimlar kafin ya gane. Waƙoƙin mata ba su cika faɗawa wannan tarko ba, tunda a bakin Hausawa aka haife su, kuma sau da yawa aya ce daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa a 1932, ake maimaitawa har wadda ba ta yi karatu ba ta haddace.

Dattawan farko na ikilisiya sun yi taka-tsantsan da kiɗa, kuma suna da hujja, domin wanda ya tashi a gidan bori ya san kowane iska yana da takensa, wato kiɗan da ake kiransa da shi a garaya ko goge, ko da ba a furta komai ba. A wurinsu kiɗa ma magana ne, ɗora masa sabon baiti ba ya shafe abin da kunne ya riga ya sani. Shi ya sa tulu, wanda ba ya tuna wa kowa da hawan bori, ya sami shiga majami'a cikin sauƙi, garaya kuwa ta daɗe a bakin ƙofa.